Daga Dala Miliyan 2 Zuwa Miliyan 700: Yadda Ake Yi Wa Ɗan Wasan Besbol Kuɗi

Ranar da labarin ya fito, a watan Disamba na 2023, musu ya kaure a ɗakinmu na kwanan ɗalibai har bayan isha'i. Wani abokina ne ya miƙo waya yana cewa wai an ba wani ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 700. Muka shiga canki-canki: Messi ne? Ronaldo ne? Ko Mbappe? Duk ba su ba ne. Sunansa Shohei Ohtani, ɗan ƙasar Japan, kuma ba ƙwallon ƙafa yake bugawa ba. Wasansa besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, wasan da yawancinmu a finafinan Amurka kawai muka taɓa gani. Ɗaya daga cikinmu har rantsuwa ya yi cewa ƙarya ce, wai ina za a samo irin wannan dukiya a wasan da ko a gidan kallo ba a haska shi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da na bi tarihin mutumin, sai na tarar cewa shekara shida kafin nan, lokacin da ya fara zuwa Amurka a ƙarshen 2017, kuɗin sa hannun da ƙungiyar Los Angeles Angels ta ba shi dala miliyan 2.3 ne kacal, albashinsa na shekarar farko kuma dala 545,000, wato mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yarda a biya. Ba don ba a san gwanintarsa ba ne, domin kusan duk ƙungiyoyin Amurka sun yi rububinsa a lokacin. To me ya hana shi samun kuɗi a 2017, me kuma ya buɗe masa taska a 2023?

Kafin mu kai can, ga wasan a taƙaice. Ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa ɗaya. Mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da gora. In ya same ta, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i; in ya dawo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, an ci maki ɗaya. In kuwa ya daki ƙwallon har ta haye katangar filin, shi ne hom-ron, sai ya zagaye tashoshin babu mai tare shi. Da an fitar da mutum uku sai masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu, haka har zagaye tara. A al'ada mai jifa daban, gwanin bugu daban. Ohtani yana yin duka biyun, kuma a kowanne yana sahun gaba. Ku ɗauka mai tsaron gidan ƙungiyarku shi ne kuma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. An yi kusan shekara ɗari ba a ga irinsa ba, tun zamanin Babe Ruth.

Babbar gasar wannan wasa ita ce MLB, mai ƙungiyoyi 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum ke nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Gasar Firimiya ta Ingila wasa 38 ake yi. Wannan kaɗai ya amsa tambayar abokina: wanda ke sayar da tikiti sau 81 a filinsa, ga kuɗin talabijin, ga na talla, ba zai rasa abin biyan albashi ba.

Mutumin da ya ƙi a sayar da shi

Kusan shekara ɗari, ɗan wasan besbol a Amurka ba shi da ta cewa a kan inda zai yi aiki. A cikin kowane kwantiragi akwai wani sharaɗi da ya ba ƙungiya ikon sabunta shi duk shekara. Ma'ana, ƙungiyar da ta fara ɗaukar ka ita ke da kai har ka yi ritaya, sai in ita ta ga damar sayar da kai ko ta kore ka. Ba ka son albashin? To ka bar wasan, don babu wata ƙungiyar da za ta taya ka.

A watan Oktoba na 1969, ƙungiyar St. Louis Cardinals ta yi musayar wani ɗan wasanta baƙar fata mai suna Curt Flood zuwa Philadelphia, bayan ya yi mata kaka 12. Flood ya ce ba ya zuwa. Ya rubuta wa shugaban hukumar wasan, Bowie Kuhn, wasiƙa yana cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba tare da an tambaye shi ba, sannan ya garzaya kotu. Albashinsa a lokacin dala 90,000 ne, kuɗi mai yawa a wancan zamani, kuma ya san shari'ar za ta iya raba shi da sana'arsa. Haka kuwa aka yi. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi rashin gaskiya, wasa 13 kawai ya ƙara bugawa a rayuwarsa.

Amma ya tayar da ƙurar da ba ta kwanta ba. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta bi ta wata hanya. 'Yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka buga kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, sannan suka ce shekara ɗayan da sharaɗin ya ambata ta cika. A watan Disamba na 1975 mai raba gardama Peter Seitz ya ce gaskiyarsu ce. Daga nan aka sami 'yantaccen ɗan wasa, wato wanda kwantiraginsa ya ƙare, kowace ƙungiya na iya taya shi, shi kuma ya zaɓi wadda ta yi masa. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna da hukuncin Bosman, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi irin wannan shari'a a Turai. Shi sai a 1995 ya yi nasara, shekara 20 bayan 'yan besbol.

Sai dai 'yancin yana da sharaɗi. A yarjejeniyar 1976 aka tsayar cewa sai ɗan wasa ya yi shekara shida a babbar gasa kafin ya 'yantu, kuma har yau haka abin yake. Shekara ukun farko yawanci ɗan abin da ya ɗara mafi ƙanƙantar albashi ake ba shi, komai gwanintarsa. Shekara uku na biyu yana iya kai ƙorafin albashi gaban masu raba gardama. Sai bayan haka ya shiga kasuwa. Kuma shekarun da ya kwashe a ƙananan gasanni kafin ya hau babbar, ba a lissafa su.

Idan ya shiga kasuwar kuwa, kuɗin nasa ne. Kun tuna lokacin da PSG ta biya yuro miliyan 222 don ɗauko Neymar a 2017? Barcelona aka biya wannan kuɗi. A cinikin 'yantaccen ɗan wasan besbol babu kuɗin sayen da za a ba tsohuwar ƙungiya, duk abin da aka yi tayi albashinsa ne. Shi ya sa adadin ke tsorata mutane. A shekarar 2000 Alex Rodriguez ya karɓi dala miliyan 252 na shekara goma daga Texas Rangers, duniya ta yi ta mamaki. Ohtani ya zo da miliyan 700 daga Los Angeles Dodgers, shi ma na shekara goma. Shekara ɗaya tak bayan haka, a Disamban 2024, New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15. Ku ɗauko biro: miliyan 51 ke nan a shekara, in an raba da wasa 162, kusan dala 315,000 a kowane wasa, ko ya daki ƙwallo ko bai daka ba.

Sauran manyan wasannin Amurka, kamar ƙwallon kwando, suna da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. Besbol ba shi da ita. Abin da yake da shi haraji ne: ƙungiyar da jimillar albashinta ta wuce wani adadi, dala miliyan 241 a 2025, sai ta biya tara a kan abin da ya haura. Masu hannu da shuni sukan biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. A 2024 albashin dukan 'yan wasan ƙungiyar Oakland bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na na Mets ba, kuma a gasa ɗaya suke.

Akwai ma dabara a cinikin Ohtani. Dala miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara yanzu. Sauran miliyan 680 za a biya shi daga 2034 zuwa 2043, babu ƙarin ko sisi. Tunda dalar da za a biya nan da shekara goma ba ta kai ta yau daraja ba, a lissafin haraji ana ƙirga albashinsa kimanin miliyan 46 ne a shekara maimakon 70. Shi ya kawo shawarar, don ƙungiyar ta sami sararin ɗauko wasu gwanaye, kuma kuɗin da yake samu daga tallace-tallace sun ishe shi. Dodgers ta ci kofin World Series a 2024, ta sake ci a 2025. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suna cewa saye aka yi. Ni dai ina ganin suna da ɗan gaskiya, amma Mets ma ta zuba kuɗi a 2025 ba ta ko shiga zagayen fitar da gwani ba.

Neman 'yan kallo, neman 'yan wasa

Me ya sa Dodgers ba ta ji tsoron wannan ciniki ba? Domin da Ohtani ta sayi zukatan mutanen Japan, ƙasa mai mutum sama da miliyan 120 waɗanda besbol ne babban wasansu. Cikin watanni kaɗan kamfanonin Japan irin su All Nippon Airways da Daiso da Toyo Tires suka ƙulla yarjejeniyar talla da ƙungiyar. A Japan mutane na tashi da safe su kalli wasan da ake bugawa da dare a Los Angeles.

MLB ta daɗe tana neman kasuwa a waje. Ta kafa ƙungiya a Montreal ta Kanada a 1969, amma 'yan kallo suka yi ƙaranci, aka mayar da ita Washington a 2005. Daga baya ta koma ɗaukar wasannin gasa tana kai su ƙasashe: Monterrey ta Meziko a 1996, Tokiyo a 2000, Sydney ta Ostireliya a 2014, Landan a 2019 a filin da West Ham ke wasa, sai Seoul ta Koriya ta Kudu a 2024, inda Ohtani ya buga wasansa na farko na gasa a rigar Dodgers. A 2006 kuma aka fara gasar ƙasashe ta World Baseball Classic, Japan ta ɗauka a 2006 da 2009 da 2023. A wasan ƙarshe na 2023 Ohtani ne ya yi jifan da ya fitar da Mike Trout na Amurka, abokin wasansa a Angels, aka tashi.

A yau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasan MLB ba a Amurka aka haife su ba. Amma kowa da ƙofar da ya shigo, kuma ƙofar ce ke yanke masa farashi.

Ƙofar Japan wani mai jifa ne ya fasa ta, Hideo Nomo. A ƙarshen 1994 shi da wakilinsa suka gano cewa in ɗan wasa ya ce ya yi ritaya a Japan, dokar ba ta hana shi wasa a wata ƙasa ba. Ya yi ritayar yana ɗan shekara 26, ya koma Dodgers a 1995, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na shekarar. Ƙungiyoyin Japan suka ga za su yi ta asarar gwanayensu a banza, sai aka tsara ƙa'ida a 1998: ƙungiyar Japan ta sanar cewa ta saki ɗan wasanta, ƙungiyar Amurka da ta ɗauke shi ta biya ta diyya. A tsarin yanzu diyyar kashi 20 cikin ɗari ce na dala miliyan 25 na farkon kwantiragin, kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu, sai kashi 15 na abin da ya rage. Ga aikin gida: Yoshinobu Yamamoto ya karɓi dala miliyan 325 daga Dodgers a Disamban 2023, nawa tsohuwar ƙungiyarsa Orix Buffaloes ta samu? In kun sami miliyan 50.6 da 'yan kai, kun ci.

Yamamoto bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a gasar Amurka ba aka ba shi wannan kuɗi. Sirrinsa shi ne shekarunsa 25. Dokar MLB ta ce baƙon da bai kai 25 ba, ko bai yi kaka shida a babbar gasar ƙasarsa ba, ana ɗaukar sa a matsayin ɗan koyo, kuma kowace ƙungiya akwai iyakar 'yan miliyoyin da za ta kashe a kan irin waɗannan a shekara. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Ohtani yana da shekara 23 ya zo. Masu sharhi a lokacin sun yi hasashen cewa da ya ƙara haƙurin shekara biyu, da ya haura dala miliyan 200. Ya zaɓi ya zo da wuri, sai ya shiga layin shekara shida kamar kowa. Roki Sasaki ma haka ya yi a Janairun 2025, yana ɗan 23, aka ba shi dala miliyan 6.5. Shi da Yamamoto ƙasa ɗaya, aiki ɗaya, ƙungiya ɗaya. Kuɗin ɗayan ya ninka na ɗayan sau 50.

Sa'anninku a Jamhuriyar Dominikan

Ƙofar da ta fi damuna ita ce ta Jamhuriyar Dominikan, domin masu bi ta cikinta sa'anninku ne. Ƙasar tana yankin Karebiyan, tsibiri ɗaya suke da Haiti, mutanenta kimanin miliyan 11. Duk da haka babu ƙasar waje da ta kai ta yawan 'yan wasa a MLB, kusan ɗari a farkon kowace kaka. Dukan ƙungiyoyi 30 suna da makarantar horo a can. Dodgers na cikin waɗanda suka fara, da sansaninta na Campo Las Palmas da aka buɗe a 1987.

Yaron Amurka sai ya gama sakandare, ko ya shiga jami'a, kafin ƙungiyoyi su zaɓe shi bi da bi a wani taro da ake yi duk shekara. Yaron Dominikan ko na Benezuwela kuwa yana da shekara 16 ake iya sa masa hannu. Ranar 15 ga Janairu ake buɗe kasuwar kowace shekara, a ga yara sanye da sababbin huluna suna ɗaukar hoto da iyayensu. Juan Soto ta nan ya bi. A 2015 Washington Nationals ta ba shi dala miliyan 1.5 yana ɗan 16. Ya ci kofi da ita a 2019, a 2022 ya ƙi tayin dala miliyan 440 don yana so ya kai ga 'yancinsa, mutane suka ce ya haukace. Shekara biyu bayan haka ya sami 765.

Labarin Soto ake bayarwa, don shi ne mai daɗi. Ga wanda ba a cika bayarwa ba. Tunda 16 ake sa hannu, horon tun yaro na da shekara 11 ko 12 yake farawa, a hannun masu horarwa masu zaman kansu da ake kira buskon. Su ke ciyar da yaron, su ba shi wurin kwana, su nemo masa ƙungiya, sannan su yanki kaso mai tsoka daga kuɗin sa hannunsa. Akwai masu amana a cikinsu, akwai 'yan ci-da-gumi. Ƙungiyoyi kan yi alƙawarin baki da yaro tun yana 13 ko 14, abin da doka ta hana. In ya ji rauni ko bai yi girman da aka zata ba, sai a janye alƙawarin, ga shi babu takarda, ga shi ya riga ya bar makaranta. An sha kama masu rage shekarun yara a takardun haihuwa, da masu ba su ƙwayoyin ƙara ƙarfi don su burge masu farautar 'yan wasa. Waɗanda ma aka sa wa hannun, yawancinsu ba miliyoyi ake ba su ba, kuma mafi yawansu ba sa kai wa babbar gasa. Bayan shekara biyu ko uku a sallame su, su koma gida suna 19 ba su da shaidar kammala sakandare. Wasu ƙungiyoyin yanzu sun buɗe azuzuwa a sansanoninsu, abin a yaba ne, amma yaron da aka janye wa alƙawari tun yana 15 ba ya kai wa ajin.

A nan ne nake ganin rashin adalcin tsarin. Iyakar da aka sa wa kuɗin yaran waje, a yarjejeniyar 2016 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa aka tsaurara ta. Ƙungiyar da ba ta taɓa yarda a sa wa albashin mambobinta iyaka ba, ita ta amince a sa wa yaran da ba mambobinta ba ne, waɗanda ba su da wakili a teburin. Abin da wata ƙungiya ke kashewa a shekara wajen ɗaukar yara gommai daga ƙasashen nan bai kai abin da Soto ke samu a wasa 30 ba.

Afirka ma an fara leƙo ta. Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, ya buga wa Pittsburgh Pirates a Afrilun 2017, shi ne na farko daga nahiyar da ya hau babbar gasar. Dodgers tana da makarantar horo a Yuganda, kuma a Janairun 2022 ta sa wa matasa biyu 'yan ƙasar hannu, Ben Serunkuma da Umar Male. Ƙa'idar yaran Dominikan ce ta hau kansu.

Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba, 2026. Masu ƙungiyoyi da dama na son a sa iyakar albashi, suna kafa hujja da Dodgers da Mets, 'yan wasa kuma sun ce atafau. Da aka yi wannan rigima a 1994, 'yan wasa sun shiga yajin aiki har aka soke World Series na shekarar, karo na farko tun 1904. Akwai kuma shawarar a mayar da ɗaukar yaran waje zuwa zaɓen bi da bi irin na Amurka. Hukumar gasar ta ce hakan zai kashe alƙawuran baki, manyan 'yan wasan Dominikan da yawa kuma suna tsoron zai hana yaro zaɓen inda zai je, ya kuma rage masa kuɗi. An kasa daidaitawa a kan batun a watan Yulin 2022, aka ajiye shi, ranar 15 ga Janairu ta ci gaba da zama ranar kasuwa.